Neman maƙalu kan rigakafin maleriya na damina: ina ake nema, kuma yaya?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Matsala ɗaya ce take ta maimaituwa a wajen ɗalibai masu rubuta kundin digiri na biyu da likitoci masu neman ƙwarewa. Mutum zai rubuta taken aikinsa gaba ɗaya a Google, ya sauke maƙala goma sha biyu da suka buɗu kyauta, sannan ya rubuta a babi na biyu cewa ba a yi bincike sosai a kan batun ba. Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara wata-wata da damina, wanda ma'aikatan lafiya suke kira SMC. Ranar farko ana ba yaro sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine a gaban ma'aikaci, ragowar amodiaquine ta kwana biyu kuma a bar wa uwa ta bayar a gida. A ce ɗalibi yana son sanin ko iyaye suna kammala kwana biyun nan a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Malamai, bismillah.

Malamar Laburare: Wa alaikumus salam. A fara da PubMed, rumbun maƙalun lafiya na kyauta a intanet, amma kafin a taɓa kwamfuta a ɗauki takarda. Tambayar nan gida uku ce: maganin, wurin, da kammala sha. Kowane gida a jera masa duk sunayen da marubuta za su iya kiransa da su. A cikin gida ɗaya ana haɗa kalmomi da OR (wato "ko"), tsakanin gida da gida kuma AND (wato "da"), duka da manyan baƙaƙe, kuma kowane gida a rufe shi cikin baka biyu, domin PubMed daga hagu zuwa dama yake karanta umarni. Idan aka manta bakan, sai ya cakuɗa gidajen ya kawo abin da ba a nema ba.

Gidan farko shi ne mai tarko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan rigakafi a 2012, kuma a wajen lokacin ne sunan SMC ya kafu. Gwaje-gwajen da aka yi kafin nan a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya da Gana, waɗanda a kansu aka gina shawarar, da wani suna aka buga su: IPTc, wato intermittent preventive treatment na yara. Wanda ya nemi sabon suna kaɗai ya zubar da tushen maganar. Tarko na biyu, baƙaƙen SMC su kaɗai a PubMed sun fi nufin ƙwayoyin tsokar jijiyar jini, don haka dubban maƙalun ciwon zuciya za su zubo. Maganinsa a ɗaure su da maleriya, kamar haka:

("seasonal malaria chemoprevention"[tiab] OR "intermittent preventive treatment"[tiab] OR IPTc[tiab] OR SMC[tiab]) AND ("Malaria"[Mesh] OR malaria[tiab])

Alamar tiab tana cewa a duba take da tsakuren maƙala. Alamar Mesh kuma tana jawo maƙalun da Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka ya liƙa wa wannan kan magana, ko da marubucin bai yi amfani da kalmar ba. Dole a haɗa biyun, saboda ba kowace maƙala da ke PubMed ce take da irin wannan kan magana, wato MeSH, ba. Waɗanda mujallunsu ba sa cikin MEDLINE, wato sashen PubMed na mujallun da aka tantance, ba su da shi, sababbi fil ma sukan ɗan jira.

Likitan Al'umma: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Sai dai wannan layi zai kwaso rigakafin mata masu ciki da na jarirai, tunda su ma sunansu ya fara da kalmomi ukun nan, intermittent preventive treatment. Ɗalibai da yawa za su so su ƙara NOT pregnancy, wato a cire duk maƙalar da ta ambaci juna biyu, su huta.

Malamar Laburare: Kada su yi, Dakta. NOT ba ya tambaya, yanke yake yi. Maƙalar da ta yi nazarin yara amma ta ambaci masu ciki sau ɗaya a tsakurenta, ta tafi ke nan, kuma ɗalibin ba zai taɓa sanin ta wanzu ba. Gara a ƙara gidan yara da AND, wato "Child, Preschool"[Mesh] OR "Infant"[Mesh] OR child*[tiab], sauran kuma a tace da ido. Tauraron nan yana kamo child da children da childhood, amma a sani da zarar an sa tauraro ko alamar zance, PubMed ya daina fassara kalmar zuwa MeSH da kansa. Shi ya sa nake rubuta MeSH ɗin da hannu.

Malamin Ƙididdiga: Gidan wuri ma yana da nasa. Niger[tiab] shi kaɗai zai kawo Aspergillus niger, wato wani nau'in funfuna da masana ƙananan halittu suka yi dubban rubuce-rubuce a kai, ga Neja Delta, ga Jihar Neja. A wannan bincike ɗaurin da aka yi da maleriya zai kore funfunar, amma mai neman wani batu kamar cututtukan huhu a Nijar zai sha fama. Haka Guinea take jawo dabbar gwaji mai wannan suna. Sannan marubuta da yawa ba sa ambatar ƙasa a take, gari ko jiha suke faɗa. Don haka ni zan rubuta:

("Nigeria"[Mesh] OR "Niger"[Mesh] OR Nigeria*[tiab] OR Niger[tiab] OR Sahel*[tiab] OR Kano[tiab] OR Katsina[tiab] OR Jigawa[tiab] OR Sokoto[tiab] OR Zamfara[tiab] OR Borno[tiab] OR Maradi[tiab] OR Zinder[tiab] OR Tahoua[tiab])

Idan ana son yankin baki ɗaya, "Africa, Western"[Mesh] yana ɗauke da ƙasashen da ke ƙarƙashinsa. Amma Chadi da Kamaru ba sa ciki, suna ƙarƙashin "Africa, Central", alhali ana yin wannan rigakafi a can.

Gida na uku, na kammala sha, shawarata kada a yi gaggawar sa shi. A fara haɗa biyun farko a ga adadi. Idan bai wuce ɗari uku ko huɗu ba, a zauna a karanta takensu ɗaya bayan ɗaya, aikin yini guda ne. Dalili kuwa, bayanin ko uwa ta ba da maganin rana ta biyu da ta uku yakan ɓuya a cikin jadawali na uku na maƙalar da takenta yake magana kan yawan yaran da aka kai wa magani, ba ya fitowa a tsakure ko kaɗan.

Likitan Al'umma: Wannan gaskiya ne. Kuma akwai gwajin da kowa ya kamata ya yi kafin ya yarda da layin bincikensa. A samo maƙala huɗu ko biyar da aka tabbata sun dace, daga wajen mai duba aikin ko daga jerin madogarar wani nazari. A duba ko layin ya kamo su duka. Wadda ta kuɓuce, a buɗe ta a ga da wace kalma aka kira abin, a ƙara ta. A shafin Advanced, ƙarƙashin tarihin bincike, akwai wurin da PubMed yake nuna ainihin yadda ya fahimci abin da aka rubuta. Da yawa ba sa leƙa shi, alhali nan ake gane kuskuren rubutu da kalmar da ya juya zuwa wata ma'ana.

Sista Mai Koyarwa: Ina da ƙorafi kan maɓallan tacewa na gefen hagu. Ɗalibai suna son danna na cikakkiyar maƙala kyauta tun farko. Ina fahimtar dalili, kuɗin data da na maƙala ba wasa ba ne, wata sai an biya dala talatin ko arba'in. Amma wanda ya yi haka ya zaɓi hujjarsa bisa farashi ne. A fara sanin abin da yake akwai, neman cikakkensa mataki ne na daban. Maɓallin mutane da na shekarun yara su ma da MeSH suke aiki, don haka suna zubar da duk maƙalar da ba a liƙa mata shi ba, ba tare da sanarwa ba. Kuma maɓallin da aka danna yakan zauna a kunne har bincike na gaba sai an kashe shi.

Dakta daga Maraɗi: Ku ba ni dama in shigo da ɓangarenmu. Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma rabin tambayar a Nijar take, kuma a Nijar da Faransanci ake rubutu. Sunan abin a can chimioprévention du paludisme saisonnier, a taƙaice CPS. Kammala sha kuma observance ake cewa. PubMed yana da maƙalun Faransanci, yana sa takensu da Turanci, don haka layin Hajiya zai kamo waɗanda suke ciki. Matsalar ita ce waɗanda ba sa ciki. Akwai rumbu mai suna LiSSa na maƙalun lafiya da Faransanci, kyauta ne, masu kula da wani rumbun bayanan lafiya mai suna CISMeF a birnin Rouen na Faransa ne suka gina shi. Su ne kuma suke da HeTOP, inda za ka rubuta kalmar MeSH da Turanci ka ga takwararta da Faransanci. Sannan kowane likita da ya gama a tsarin Faransanci sai ya kare kundi kafin a ba shi digiri, saboda haka akwai tarin kundaye a tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, na Bamako kuma da yawa suna intanet. A irin waɗannan kundaye ake samun binciken gunduma guda, gida-gida, wanda ba zai taɓa shiga babbar mujalla ba. Ingancinsu ya bambanta, sai an auna kowanne.

Malamar Laburare: Madalla, Dakta. Haka abin yake a Najeriya ma ta wata fuska. Mujallunmu kaɗan ne a MEDLINE, irin su Annals of African Medicine da Nigerian Journal of Clinical Practice. Mafi yawa suna AJOL (African Journals Online), rumbun mujallun Afirka a intanet, wanda aka fara a 1998 kuma yanzu daga Afirka ta Kudu ake gudanar da shi, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa. Akwai kuma African Index Medicus na ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka, ana shigarsa ta Global Index Medicus. Abin lura, akwatin bincikensu ba ya gane layin da aka rubuta da alamomin PubMed. A yi gajeru da yawa, kalma biyu ko uku kowanne, a rubuta kowanne a littafi.

Malamin Ƙididdiga: To Google Scholar fa? Ina ganin an cika raina shi a irin wannan zaure. Yana karanta cikin maƙala gaba ɗaya, ba tsakure kaɗai ba, yana kamo kundaye da rahotanni, kuma maɓallinsa na waɗanda suka kafa hujja da maƙala ba shi da na biyu a kayan kyauta. Ka ɗauki nazarin da Cochrane, ƙungiyar da take tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta fitar a 2012 kan wannan rigakafi ka bi duk waɗanda suka ambace shi, za ka ga abubuwan da layin bincike bai kamo ba.

Malamar Laburare: Ban raina shi ba, Malam, matsayinsa nake so a sani. Ba ya nuna fiye da sakamako 1,000 ko da ya ce ya samu dubu hamsin, akwatinsa yana yanke layi idan ya yi tsawo da yawa, ba ya aiki da tauraro, kuma mutum biyu za su rubuta abu ɗaya su ga jeri daban. Wanda yake nazari mai tsari, wato systematic review, dole wani ya iya maimaita bincikensa. Don haka Scholar na cike giɓi ne: a duba shafukan farko, a ce sakamako ɗari biyu, a rubuta cewa nan aka tsaya.

Malamin Ƙididdiga: A kan wannan mun daidaita.

Sista Mai Koyarwa: Mu zo kan cikakkiyar maƙala, tunda nan ne ɗalibai suke karaya. Jerin da nake ba da shawara shi ne, a fara duba PubMed Central da Europe PMC, rumbunan da ake samun cikakkun maƙalu kyauta. Binciken maleriya yana da sa'a, Malaria Journal da PLOS da Pan African Medical Journal duk a buɗe suke. Sai a sa Unpaywall a burauza, ƙaramar manhaja ce da take nuna koren kwaɗon kulle a gefen shafi idan akwai halastaccen kwafi kyauta a wani rumbu. Abin da ya rage sai Hinari, shirin da yake buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun lafiya na kuɗi.

Malamar Laburare: Hinari Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fara shi a 2002 tare da manyan kamfanonin buga mujallu, yanzu yana cikin Research4Life, babban shirin da ya haɗa shi da ire-irensa. Ba mutum ake yi wa rajista ba, cibiya ake yi wa: jami'a, asibitin koyarwa, makarantar jinya, cibiyar bincike, ofishin gwamnati. Ƙasashe rukuni biyu ne, na farko kyauta, na biyu cibiya tana biyan dala 1,500 a shekara, kuma ana sabunta jerin lokaci-lokaci. Nijar da Chadi suna rukunin kyauta. Sunan shiga da kalmar sirri suna hannun laburaren cibiya, kuma sau da yawa cibiyar tana da rajista shekara da shekaru, ɗalibanta ba su sani ba don ba wanda ya je ya tambaya.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, mutum ya shiga Research4Life, sannan ya buɗe wani shafi daban ya tafi mujallar kai tsaye, sai ta nemi kuɗi ya ce Hinari ba ya aiki. Dole a bi ta cikin ƙofar Research4Life ɗin har zuwa mujallar, ta nan ne kamfanin yake gane ka. Na biyu, ba kowace mujalla ce a buɗe ga kowace ƙasa ba, kamfani yana da ikon cire ƙasar da yake sayar da hajarsa a cikinta. Don haka abin da ya buɗu a Yamai ba lallai ya buɗu a Zariya ba.

Likitan Al'umma: Hajiya, bari in faɗi abin da wasu suke tunani ba su furta ba. Likita a babban asibitin ƙaramar hukuma ba shi da laburare. Mene ne laifi idan abokinsa na asibitin koyarwa ya tura masa kalmar sirri? Marar lafiya ne zai amfana.

Malamar Laburare: Buƙatar gaskiya ce, Dakta, amma hanyar tana cutar da mutane da yawa. Kalmar sirrin da ta shiga zauren WhatsApp ba ta tsayawa wajen mutum ɗaya. Idan aka ga ana shiga da ita daga wajen ƙasa, ko ana sauke mujalla sukutum alhali yarjejeniyar ta taƙaita a kashi 15 cikin 100 na fitowa guda, ana iya rufe asusun, kuma cibiyar ce gaba ɗaya za ta rasa. Hanyar da ta fi ita ce asibitin ya nemi rajistar kansa idan ya cika sharuɗɗa, fom ne a shafinsu. Kafin nan a rubuta wa marubucin maƙalar, adireshinsa yana shafin farko. Layi uku sun isa: sunanka, taken maƙalar, da abin da za ka yi da ita. Mafi yawansu suna turawa da farin ciki.

Likitan Al'umma: Na karɓa, ko da yake ina ganin ma'aikatun lafiya na jihohi ne ya kamata su ɗauki nauyin yi wa asibitocinsu wannan rajista, kada a bar wa likita ɗaya. Wani abin da ba a taɓo ba shi ne rubuce-rubucen da ba mujalla ba. A wannan batu suna da nauyi ƙwarai, domin masu raba maganin ne suke bin gidaje bayan kowane zagaye suna tambayar iyaye. A duba rahotannin ƙungiyar Malaria Consortium, da na shirin yaƙi da maleriya na ƙasa a Abuja da Yamai, da rumbun IRIS na Hukumar Lafiya ta Duniya inda ƙa'idojin aiki suke, da rahoton maleriya na duniya da ake fitarwa duk shekara, da binciken alamomin maleriya na Najeriya na 2021. A lura kuma hukumar ta sabunta shawararta a 2022, ta sassauta iyakar shekaru da yawan zagaye, don haka maƙalar 2016 da ta 2023 ba lallai tsari ɗaya suke aunawa ba. Gwaje-gwajen da ba a buga ba tukuna ana ganinsu a ClinicalTrials.gov da rajistar Afirka ta PACTR.

Malamin Ƙididdiga: Duk wannan zai watse idan ba a adana ba. Zotero, manhajar adana madogara, kyauta ne, yana ba da megabait 300 na ajiya a intanet, a kan kwamfutarka kuma ba iyaka. Daga PubMed a tura sakamakon gaba ɗaya zuwa fayil na manhajar madogara, daga sauran rumbuna a ɗauki nau'in fayil mai suna RIS, kowane rumbu da jakarsa, sannan a haɗe masu maimaituwa. A rubuta adadi kafin haɗewa da bayanta, tare da kwanan wata da layin da aka yi amfani da shi harafi da harafi, saboda jadawalin PRISMA 2020, ƙa'idar ba da rahoton nazari mai tsari, zai nemi waɗannan lambobi kuma ba a iya ƙago su daga baya. Zotero yana kuma sa jan gargaɗi a kan maƙalar da mujalla ta janye. Mai niyyar nazari mai tsari ya leƙa PROSPERO, rajistar irin waɗannan nazarce-nazarce, tun farko, kada ya shafe wata shida a kan abin da wasu suka kusa gamawa.

Sista Mai Koyarwa: Abu biyu kan inganci. Ganin maƙala a PubMed ba ya nufin an tantance mujallarta, wasu suna shiga ne don mai ɗaukar nauyin binciken ya wajabta a ajiye kwafi a PubMed Central. A rubuta sunan mujallar a NLM Catalog, jerin mujallu na laburaren nan na Amurka, a ga ko an ce tana cikin MEDLINE a halin yanzu, a duba DOAJ ma, jerin mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance. Na biyu, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya jero madogara masu kyan gani, da sunayen masana na gaske, alhali babu maƙalar. Kowace madogara a ɗauki lambar DOI ɗinta, wato lambar shaidar maƙala a intanet, a liƙa a doi.org, idan ba ta buɗe ba ko ta buɗe wata maƙala daban, a cire ta.

Dakta daga Maraɗi: Ƙari kaɗan kan DOI, Sista. Tsofaffin maƙalun Afirka da kundaye da yawa ba su da ita sam, kuma na gaske ne. Irin waɗannan da take da shekara da sunan mujalla ake tabbatar da su, ko a nemi laburaren tsangayar ya ɗauki hoton shafin farko.

Mai Kula da Zaure: Wani ɗalibi ya turo tambaya ta gefe: idan cibiyarsa ba ta da rumbunan kuɗi irin su Embase ko Scopus, aikinsa ya lalace?

Malamar Laburare: Bai lalace ba. Embase ya fi amfani a binciken magunguna da tsakuren taruka, rumbun CINAHL kuma a aikin jinya, amma ya fara dubawa ta Research4Life ko laburarensa, wani lokaci suna nan. Idan babu, PubMed da CENTRAL, rumbun gwaje-gwaje na Cochrane, da AJOL da African Index Medicus da LiSSa, tare da bin madogara gaba da baya, sun isa kundin digiri na biyu, sai ya faɗi rumbunan da bai samu ba a sashen iyakokin bincike. Ya kuma buɗe asusun PubMed mai suna My NCBI, ya adana layin PubMed ɗin, ya sa a riƙa turo masa sababbin maƙalu ta imel duk mako, sannan ya sake gudanar da binciken gaba ɗaya wata guda kafin ya miƙa kundin.